Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA: Kwatancen Da Ke Ɓatar Da Yaranmu

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwar Zamani ta Ƙasa, NITDA,
Abuja.



 Ni malami ne mai koyar da rubuta manhaja, abin da yara ke kira kodin, a wani zaure cikin birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Zauren na kakana ne, a nan ya yi shekaru yana biya wa almajirai Ahalari da Iziyya. Tabarmar tana nan har yau, sai dai littattafan sun koma kwamfutocin cinya guda bakwai, biyar daga ciki na gwanjo, da farantin sola ɗaya a kan soro. Da Hausa na rubuto maka domin na san ɗan Haɗeja ba ya buƙatar tafinta, kuma ina so iyayen yaran da zan ba ka labarinsu su ma su karanta.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ƙarama ce a ido, har ina jin nauyin kawo ta gaban mai kula da fasahar ƙasa baki ɗaya. Magana ce a kan ɗan rubutun nan da kwamfuta ke fitarwa idan mai koyo ya yi kuskure, wanda yara ke cewa "ta kawo era". Shekara shida ina zaune da masu koyo, na kuma tabbata ba ni ne babban malaminsu ba. Ni sau biyu suke ganina a mako. Shi kuwa ɗan rubutun nan, yaro zai ci karo da shi sau ba adadi a zama guda, da tsakar dare, babu kowa kusa da shi. In malamin da ya fi kowa zama da ɗalibi bai iya bayani ba, ko yana bayani da labarin da ya daɗe da tsufa, ai ya kamata hukuma ta ji.

Wata Asabar bayan La'asar na lura da wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta yi shiru a kusurwa. Ta rubuta ɗan shiri na layi goma sha biyar da yaren Python, wanda zai lissafa ribar ɗinkin hular da mahaifiyarta ke yi: kuɗin zare, kuɗin zane, kuɗin wanki da guga, abin da dillali zai cire. Na'ura ta ƙi karɓa. Ta ce tsarin rubutu bai yi daidai ba a layi na tara, iyakar abin da ta ce ke nan. Yarinyar ta goge layi na tara ta sake rubutawa, ta sake gogewa, ta ɗora yatsa a kan gilashi tana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Kusan awa guda tana haka, ba ta kira ni ba. Layi na tara kuwa lafiyarsa ƙalau. A layi na takwas ta buɗe baka ba ta rufe ba.

Na kwashi shirin a filash na sa a kwamfutar yaron da ke gefenta. Nan take ta ce: an buɗe baka a layi na takwas, ba a rufe ba, ga ɗan alama a ƙarƙashin bakan tana nuna shi. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Malam, to me ya sa tawa ba ta gaya mini ba?"

Dalilin shi ne kwamfutarta tsohuwa ce, Windows 7 ke kanta, kuma Python ɗin da Windows 7 ke iya ɗauka bai wuce bugu na 3.8 ba. Gyaran wannan saƙo sai a bugu na 3.10 ya zo, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, bayan Pablo Galindo Salgado da abokan aikinsa sun zauna sun bi irin waɗannan saƙonni suna gyarawa. Ka ga ke nan ɗan talaka mai tsohuwar na'ura shi ake haɗawa da malamin da ya fi kowa ƙwauron baki.

Ka san wannan tun kana ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, amma bari in ɗan faɗa don masu karatu. Kwamfuta ba ta jin Python ko C ko Java. Akwai wata manhaja a tsakani mai aikin tafinta, 'yan sana'ar suna ce mata kompaila, ita ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji zai aiwatar. Daga sama take karantowa. In ta ga an buɗe baka, sai ta ɗauka duk abin da ya biyo baya na cikin bakan ne, ta gangara layi na gaba tana jiran a rufe, sai ta yi karo da abin da ba zai shiga ba sannan ta yi kuka. Inda ta faɗi take nunawa, ta manta da inda ta yi tuntuɓe. Gwani ya san halinta, da ya ga tara idonsa zai hau takwas. Mai koyo kuwa ya ba ta gaskiya, don an sha gaya masa na'ura ba ta kuskure.

Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saƙon da ke ba da shawara, alhali shawarar ta riga ta mutu.

Duk wanda ya tashi cikin ganuwa ya san darajar kwatance. Lungunanmu ba a bin su da lamba. Da bishiya da rijiya da masallaci da gidan wane ake kai baƙo inda za shi, sunayen unguwannin ma shaida ne: Durumin Iya, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu. To a ce baƙo ya dace da dattijon da ya bar gari shekara ashirin da suka wuce, dattijo ya ce masa, "Ka shiga ta ƙaramar ƙofar ƙasa ta Na'isa, ka miƙe har ka ga kududdufi, ka bi bakinsa hannun dama." Tsohon ginin Ƙofar Na'isa tun 2010 aka rushe shi don faɗaɗa titi, kududdufin kuma wataƙila an cike shi an jera shaguna, kamar yadda aka yi wa da yawa a cikin gari. Dattijo bai yi ƙarya ba, a zamaninsa haka hanyar take. Amma da cewa ya yi "ban sani ba", baƙo zai tambayi na gaba. Da yake ya yi magana da cikakken tabbaci, baƙo zai yini yana neman ruwan da babu. An ce matambayi ba ya ɓata. Ya danganta da wanda ya tambaya.

Ina da ɗalibi mai koyon gyaran waya a titin Beirut da safe, da yamma ya zo wurina. Ya so ya ɗora wani ƙarin kayan aiki a kwamfutarsa, sai saƙo ya fito, da ladabi kuwa, ya ce: kafin wannan ya yiwu sai ka sauke wasu manyan kayan gini, ga adireshin da za ka same su. Ya buɗe adireshin, babu komai, an daɗe da tashi daga gidan. Ya yi ta bincike har ya gano inda suka koma. Kayan sun kai gigabait da yawa. Ya ɗauki abin da maigidansa ya sallame shi da shi na mako ya sayi data, ya jira dare lokacin da take araha, ya kwana yana gadin layin nan mai tafiyar hawainiya. Da asuba ta gama sauka, ya gwada, sai wani sabon kuskuren ya fito, wanda ya fi na farko tsawo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da ya kawo mini, abin bai ɗauke mu minti biyar ba: bugun da ke kwamfutarsa sabo ne fil, masu kayan da yake nema ba su riga sun shirya nasu ya dace da shi ba, da ya koma baya da bugu ɗaya shi ke nan. Wanda ya rubuta saƙon nan yana zaune ne a inda intanet ke zuba kamar famfo. A wurinsa shawara marar amfani ɓata minti goma ce. A nan, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, guminsa na mako ne.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa irin wannan saƙo ya shekara goma ba a taɓa shi ba. Injiniya ne ya rubuta shi rana ɗaya, a gurguje, hankalinsa na kan wani abu. Bayan nan ana ta gwada manhajar a ga ko tana aiki, amma babu mai gwada ko shawarar da ke cikin saƙon tana nan da rai. Gwanaye ba sa karanta shi, da sun hango siffarsa sun san ciwon. Masu karanta shi kalma bayan kalma su ne sababbin shiga, su kuma ba su san suna da bakin ƙorafi ba. A wurinmu abin ya fi tsanani, domin mun tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa malami. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma da yaro ya ɗauki na'ura a matsayin malami, duk abin da ya faru sai ya ce kansa ne ba ya ja. Na ga yara masu kaifin basira sun rufe kwamfuta sun ce kodin ba na irinmu ba ne. Mata sun fi saurin yanke wannan hukunci, domin dama akwai mai jira a gida ya ce ai na gaya miki.

A duniya an farga. A farkon zamanin Unix, manhajar rubutu mai suna ed da Ken Thompson ya ƙirƙira, duk kuskuren da ka yi alamar tambaya ɗaya tak za ta nuna maka. A lokacin akwai uzuri, injin ba shi da wurin ajiye dogon zance. A 2015 Evan Czaplicki, mai yaren Elm, ya sake fasalin saƙonnin kompailarsa don su yi magana kamar mutum da mutum. A 2016 masu yaren Rust suka ɗauki darasi daga gare shi. Yau kurakuran Rust da yawa suna da lamba, irin su E0382, kana iya ce wa na'ura ta yi maka sharhin lambar da misali. Abin da ya fi burge ni, a wurinsu saƙo mai ruɗarwa aibi ne da ake kai ƙararsa kamar kowane aibi, har suna ware waɗanda ke tare wa sabon shiga hanya. Ba hazaƙa ce ta fi ta kowa ba. Sun yarda ne cewa in ɗalibi bai gane ba, mai bayanin ma yana da laifi.

Kafin in ɗora wa na waje duka, bari in taɓa namu. Wani ɗalibin babbar makaranta ya kawo mini handawut ɗin da aka sayar musu a wannan zangon. Misalan ciki na Turbo C++ ne, wanda kamfanin Borland ya fara fitarwa a 1990. Layin farko yana kiran iostream.h, sunan da ƙa'idar C++ ta 1998 ta bari. Can ciki ana koya musu karɓar rubutu da gets, umarnin da wata muguwar manhaja mai suna tsutsar Morris ta bi ta kafarsa ta addabi intanet a 1988, wanda aka cire daga ƙa'idar yaren C a 2011. Wani handawut ɗin kuma Python 2 yake koyarwa, wanda masu shi suka daina kula da shi ranar 1 ga Janairun 2020. Yaro zai kwafa daidai yadda malam ya rubuta, na'ura ta ƙi, ya rasa wa zai gaskata. In ya je intanet ya tarar da bidiyon shekara goma, in ya tambayi manhajojin nan masu hira, su ma daga tsofaffin shafuka suka yi karatu, wani lokaci su maimaita masa kwatancen dattijo cikin murya mai daɗi. Ba na zargin malaman gaba ɗaya. Mutum ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, ɗakin kwamfuta ba wuta, ana jarrabawar kodin da biro a takarda. Wanda bai taɓa gwada misalinsa a na'ura ba, ina zai san ya ruɓe?

Ranka ya daɗe, na san ba NITDA ke rubuta kompaila ba, kuma ba ka da iko da injiniyan da ke Amurka ko Jamus. Amma abin da ke hannunka ba kaɗan ba ne.

Shirin 3MTT da Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, wanda hukumarka ke cikin masu gudanarwa, ya ɗauki alkawarin horar da mutum miliyan uku. Roƙona, a sa karanta saƙon kuskure ya zama darasi mai zaman kansa tun makon farko. A ba yaro shiri mai aiki, a ce ya lalata shi da gangan: ya cire baka, ya goge ruwa biyu, ya sauya harafi, ya ga abin da na'ura za ta ce kowane karo. Ni haka nake yi yanzu, kuma tsoron da ke fita daga idon yara a wannan rana ya fi abin da nake koya musu a wata guda. Sannan duk takardar koyarwa ko bidiyon da aka yi da kuɗin gwamnati a rubuta masa ranar da aka yi shi, da bugun da aka gwada shi a kai, da ranar da za a sake dubawa. Kwalin farasitamol ma akwai ranar lalacewa a jikinsa. In ka zauna da hukumomin kula da manyan makarantu, NUC da NBTE, don Allah ka kai musu wannan.

Akwai masu cewa a fassara saƙonnin nan duka zuwa Hausa. Kompailar GCC tana magana da Faransanci da Jamusanci da wasu harsuna, Hausa ba ta ciki, kuma na san zafin hakan. Duk da haka ban goyi bayan a goge Turancin a maye shi da Hausa ba. Yaron da zai yi aiki da mutanen Legas da Nairobi da Indiya dole ya san saƙon da lafazin da kowa ya san shi da shi, don da shi zai yi bincike, da shi zai nemi taimako. Hanyar da nake gani tana cikin akwatin kakana. Littattafansa na hannu suna nan, Larabci da manyan baƙaƙe, layi nesa da layi. A tsakanin layukan da gefen takarda akwai ƙananan rubutu, wani Larabci ne mai sauƙi, wani Hausa ce da ajami: wannan kalma ga ma'anarta, nan ga inda ɗalibai ke zamewa. Ba su taɓa matanin ba, sharhi suka yi masa. Haka aka yi ta karantar da fiƙihu a Madabo da sauran zaurukan birnin nan shekaru aru-aru, har ɗan da bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba ya zama mai ba da fatawa.

Irin wannan nake roƙo hukumarka ta ɗauki nauyi. A tara saƙonnin da suka fi kayar da masu koyo a Python da JavaScript da C da Java, ko da ɗari biyu ne a fara da su. Kowanne a bar shi da Turancinsa, a ƙarƙashi a yi masa sharhi da Hausa: ga abin da yake nufi, ga abin da yawanci ke jawo shi, ga inda za ka duba, ga tsohuwar shawarar da za ka gani a intanet kada ka bi ta. A sa bugu da kwanan wata a kan kowanne. A yi shi ƙarami yadda zai zauna a waya ba sai da data ba, har da na tsofaffin bugu, saboda masu Windows 7 ba su ƙare ba. Masu yi suna nan: malaman Jami'ar Bayero, matasan HausaNLP, da irinmu na zaure da muka san inda yara ke faɗuwa. Sharaɗi ɗaya ne, a naɗa mai shara. In an yi bikin ƙaddamarwa an watse ba wanda ke komawa duk wata shida, nan da shekara uku mu ma mun zama dattijon Ƙofar Na'isa, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da aka yi wa Hausa a yi wa Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci.

Wani abin kuma, Python da Rust da GCC duk a buɗe suke, kowa na iya kai gyara. Ɗalibin da saƙo ya ruɗa yana riƙe da abin da gwanayen can ba su da shi, wato idon baƙo. A koya wa 'yan 3MTT yadda ake rubuta rahoto: ga abin da na rubuta, ga abin da na'ura ta ce, ga abin da na fahimta, ga abin da ashe take nufi. A lissafa wannan cikin aikin kammalawa. Yarinyar da aka karɓi gyaranta na jimla ɗaya a kompailar da miliyoyi ke amfani da ita, ta samu shaidar da ta fi takardar halartar bita.

Na bar wanda ya fi kusa da ikonka a ƙarshe. Dokar 2007 ta ba NITDA hurumin shimfiɗa ƙa'idoji, kuma ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya suna bi ta teburinku kafin a kashe kuɗi. Kwanaki na raka wani maƙwabcina dattijo kafe don ya cike wa ɗansa fom a shafin wata hukumar gwamnati. An cire kuɗin, fom bai fito ba. Shafin ya ce an samu matsala, a tuntuɓi mai kula. Wane ne shi, yana ina, babu. A can ƙasa an rubuta cewa shafin ya fi aiki da Internet Explorer, wanda Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Dattijo ya tambayi yaron kafe ko ya sake biya, yaron ya ce shi ma bai sani ba. Ina roƙo kada a amince da kowane shafin gwamnati sai saƙonsa na kuskure ya faɗi abin da ya faru da harshen mutane, ya faɗi ko kuɗi ya fita ko bai fita ba, ya ba da lambar da mutum zai riƙe ya bi haƙƙinsa, da wayar da in an kira za a ɗauka. A kuma sa a cikin kwangila cewa za a riƙa bin saƙonnin ana sabuntawa. Kuna fatan kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya mu'amala da fasahar zamani nan da 2027. Dattijon nan yana cikin lissafin, kuma ya rantse ba zai ƙara biyan komai ta intanet ba.

Yarinyar mai lissafin hula tana nan, ba ta gudu ba. Ta sayi littafi mai layi na 'yan makaranta, duk saƙon da ya kayar da ita sai ta kwafe shi da jan biro, a ƙasa ta rubuta da Hausa abin da ashe yake nufi da ranar da ta gane. Ta kai arba'in da uku. Yaran zauren yanzu littafinta suke fara nema kafin su kira ni.

In Allah ya kawo ka Kano, muna zama Asabar da Lahadi daga La'asar zuwa Magariba. Mota ba ta shiga lungunmu. Ka tsaya a bakin Gidan Makama, zan turo yaro ya shigo da kai, ka duba littafin nan da idonka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malamin kodin,
Cikin birnin Kano.